Autana majina mai wari ke zubo mishi ta hanci ɗaya, an ce sai an zura kyamara

MamanAuta:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema musamman in akwai ma'aikatan lafiya a nan. Autana shekararsa uku da 'yan watanni, wajen wata guda kenan majina na zubo mishi amma ta hancin dama kawai, na hagun ƙalau yake. Da farko fara ce irin ta mura, daga baya ta koma koriya-koriya mai kauri wani lokacin har da jini-jini, ga wani irin wari wlh in ya kwanta kusa da ke sai kin kauda kai, har yayyensa sun fara gudunsa in ana wasa abin yana min ciwo sosai. Mun sayi maganin mura a kemis, an ba shi antibayotik ya shanye, in yana sha warin sai ya ɗan lafa yana gamawa ya dawo sabo. Ba zazzaɓi, yana cin abincinsa yana wasansa.

Jiya dai muka je asibiti likita ya haska da tocila ya ce yana zargin akwai wani abu a ciki amma bai gani da kyau ba don wajen ya kumbura, shi kuma yaron ya ƙi tsayawa sai ihu yake yana fizge-fizge. Shi ne ya rubuta mana takarda mu je ɓangaren kunne da hanci da maƙogwaro, ya ce wataƙila sai an sa shi barci an zura kyamara an ciro. Tunda na ji maganar barcin nan hankalina ya tashi. Mijin yayata an taɓa yi mishi aikin hanci shekarun baya, ta cikin baki aka yanka ƙarƙashin leɓen sama, fuskarsa ta kumbura suntum ya daɗe yana jinya. Irin wannan aikin za a yi wa ɗana? Kuma babu wata dabara da za a gwada a gida tukunna?

Hajiya Babba:

Wa alaikumussalam 'yar nan, Allah ya ba shi lafiya. Mu a da in yaro ya cusa wake ko gyaɗa a hanci taba gari ake ɗan shaƙa mishi ko a ƙona barkono a garwashi, yana atishawa abin zai faɗo. In ya ƙi a kai wa wanzami ya zaro. Amma dai ki ji ta bakin masu ilimin abin, zamani ya canza.

Anti Nas:

MamanAuta sannu, Allah ƙara sauƙi. Ni nas ce kuma a ɓangaren kunne da hanci nake aiki, irin wannan kusan kullum sai an kawo mana. Likitan da ya turo ki ya yi daidai. Abin da ake koya mana tun farko shi ne yaro ƙarami in majina mai wari na fita ta ƙofar hanci ɗaya tak, to ka ɗauka akwai abu a ciki har sai an duba an ga babu. Mura ba ta zaɓar hanci ɗaya ta zauna wata guda. Kuma shekarunsa ne daidai na wannan aikin, daga shekara 2 zuwa 5 su ne gwanayen cusa abu, hancin dama ma ya fi yawa tunda yawancinsu da hannun dama suke amfani. Abin da muke cirowa kuwa ba a magana, wake, gyaɗa, ƙwayar masara, ƙwallon tsamiya, duwatsun kitso, alli, guntun takarda, robar goge fensir, sai kuma soson katifa ko na kujera wanda shi ya fi komai wari don yana tsotse majina ya zauna yana ruɓewa, ga shi in an haska da tocila launinsa ya saje da majinar ba a gane shi.

Hajiya ki yi haƙuri da ni amma dan Allah kar a gwada tabar nan ko hayaƙin barkono. Kafin mutum ya yi atishawa sai ya fara jan numfashi da ƙarfi, yaro kuma ga kuka ga shessheƙa, a wannan jan ne abin zai iya wucewa ta bayan hanci ya faɗa hanyar iska ya tafi huhu, daga matsalar hanci an koma maganar ceton rai. Haka tsinken ashana, tsinken sakace, hantsaki, abin goge kunne, duk ƙara tura shi ciki suke su farfasa wajen jini ya rufe ko'ina, in an kawo mana ba ma ganin komai. Sannan yaron da aka danne sau biyu sau uku a gida ya riga ya tsorata, ba zai ƙara yarda kowa ya taɓa hancinsa ba, wanda da a zaune a cinyar uwarsa za a cire cikin minti biyu sai ya zama dole sai an shiga da shi tiyata. Kar kuma a ɗura ruwa, wake da masara kumbura suke in sun jiƙa su ƙara toshe wajen.

Dabara ɗaya ce likitoci suka yarda uwa ta gwada, ita ma sai in yanzun nan aka ga ya saka abin kuma an san mene ne. Ki toshe lafiyayyen hancin da yatsa, ki ɗora bakinki a kan bakinsa ki rufe ruf, ki busa iska sau ɗaya gajere mai ƙarfi, iskar za ta zagayo ta bayan hanci ta turo abin waje. Binciken da aka tattara a kai ya nuna tana aiki a wajen yara 6 cikin 10. Amma naki ya yi wata guda ciki ya kumbura, nasa ya wuce wannan, ki bar wa asibiti.

Tambayar da ta fi damuna ita ce, akwai wani ƙaramin batir da ya ɓace a gidan? Irin zagayayyen nan na agogo, na makullin mota, na takalman yara masu walƙiya, ko na carbin dannawa da ake sawa a yatsa wanda yanzu kusan kowane gida akwai shi kuma murfin bayansa ba wuya ya ɓalle. Batir ba irin wake ba ne. Da ya haɗu da danshin hanci wuta ke fara gudana tana haifar da sinadari mai cin nama irin soda, cikin 'yan awoyi ya ƙona wajen, yana iya huda guringuntsin da ya raba hanci biyu kuma in ya hudu gyaransa ba ƙaramin aiki ba ne. Alamarsa ruwa baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa, kumburin hanci da kunci, da zafi. In ana zargin batir ba a jiran gari ya waye, ba a ɗiga komai a hancin ko da ruwan gishiri ne don ƙara mishi ƙarfi yake, kuma kar a ba yaron abinci a hanya saboda wataƙila a sa shi barci. A hoton eksire yana fitowa da zobe biyu, haka ake bambanta shi da kwabo ko maɓalli. Maganaɗisu ƙanana guda biyu ma haka ne in ɗaya na dama ɗaya na hagu, manne juna suke su matse guringuntsin har jini ya daina zuwa wajen.

MamanAuta:

Innalillahi, Anti na tashi na duba yanzu, carbin Babansu da batirinsa a ciki, agogon bango kuma babban batir yake ci. Ruwan ma ba baƙi ba ne kore ne. Amma akwai kujera a falo da ta yage suna ta ɓantarar soson, inaga shi ne. To maganar barcin fa da yankan?

Anti Nas:

Alhamdulillah, da alama ba batir ba ne, amma ki faɗa wa likitan duk abin da kike zargi. Ki kwantar da hankalinki ba yanka za a yi ba ko kaɗan. Da farko za su ɗiga maganin da ke sace kumburi ya kuma kashe zafin wajen, a naɗe shi da zani a cinyarki wani ya riƙe kai, in abin na kusa a sa 'yar ƙugiya ta bayansa a jawo, ko a zuƙo da injin tsotsa, ko a kama da ɗan hantsakinmu in soso ne ko takarda. In ya yi nisa ko yaron ya ƙi, shi ne za a sa shi barci na ɗan lokaci. Barcin ma kariya ce, don likitan barci zai tsare hanyar numfashi yadda ko abin ya zame baya ba zai faɗa huhu ba. Kyamarar kuwa wani siririn ƙarfe ne mai fitila a baki, na manya kaurinsa milimita 4 na yara bai kai 3 ba, ta ƙofar hanci ake zura shi ana kallo a talabijin. Yawanci ranar ake sallama. Za su ce kar ya ci abinci wajen awa 6 kafin aikin, ki kiyaye wannan sosai ko ya yi kuka kar kaka ko yayye su ba shi wani abu a ɓoye, in cikinsa da abinci yana iya amai cikin barci ya shaƙe. Ki tuna musu su duba ɗaya hancin da kunnuwa duka, mai cusa abu a waje ɗaya sau da yawa ya cusa a wani wajen.

Ɗan Kwari:

Slm. Hajiya MamanAuta Allah ba yaro lafiya. Ni zan yi magana ne kan aikin da kika ce an yi wa mijin yayarki don ni ma an min aikin hanci amma na kyamara, kuma tsoron irin wancan ne ya sa na daɗe ina gudu. Ni harkar yadi nake, ƙurar kaya kullum ga hunturu in ya zo, shekaru hancina a toshe ta duka biyun, da baki nake numfashi, da daddare munshari har iyali na ƙorafi, goshi da kumatu kamar an ɗora min dutse musamman in na yi sujada. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ƙanshi ya ɗauke gaba ɗaya, a sa turaren wuta a ɗaki kowa na yabawa ni ban ji komai ba, abinci ma sai dai gishiri da yaji nake ji. Na zama kullum da maganin ɗigawa na kemis a aljihu, in na ɗiga ya buɗe awa kaɗan ya sake toshewa fiye da da. Likita ne ya ce min irin wannan maganin ba a wuce 'yan kwanaki ana sawa, in an daɗe shi da kansa yake kumbura hancin.

Da aka zura kyamara aka ga tsiro ne ya cika ciki, fari-fari mai ruwa, na gani da idona a talabijin ɗin. Amma fa ba su yi saurin cewa tiyata ba, sai da na yi watanni kan maganin fesawa da wanke hanci da ruwan gishiri, da bai yi ba aka turo ni siti sikan, wato hoton da ke nuna cikin ƙashin fuska dalla-dalla, sannan aka sa rana. Na farka ba ɗinki ko ɗaya a fuskata, sai abin da aka cusa a hancin don tsaida jini, shi ne gaskiya ya fi takura min kafin a cire. Sati na farko kamar mai mura mai tsanani, jini-jini na ɗan zuba, an hana ni fyace hanci da ɗaukar kaya mai nauyi, in atishawa ta zo in buɗe baki. Komawa wanki a asibiti ba daɗi amma dole ne don suna cire busasshen jini kar wajen ya manne. Ranar da na fara jin ƙanshin soyayyar albasa daga kicin sai da na tashi na je na tsaya a bakin ƙofa wlh.

Anti Nas:

Alhaji ka kwatanta shi fiye da yadda zan iya. Bari in ƙara don MamanAuta ta ga bambancin. A cikin ƙashin fuska akwai koguna masu iska kashi huɗu, kowanne dama da hagu, na kumatu, na goshi, na tsakanin idanu wanda ƙananan ɗakuna ne da yawa, sai na can ciki bayan hanci ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Kowanne yana yin majina kuma akwai wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani da ke share ta zuwa wata 'yar ƙofa da ta buɗe cikin hanci. In ƙofar ta toshe majina ta taru ta ruɓe, shi ne ciwon da ake cewa sainos, in ya wuce sati 12 ana fama ya zama irin mai daɗewa.

Aikin da aka yi wa mijin yayarki tsohon salo ne, sunansa Caldwell-Luc, sunayen likitoci biyu ne ɗaya ɗan Amurka ɗaya ɗan Faransa da suka bayyana shi a 1893 da 1897. Ana yanka dasashi ƙarƙashin leɓen sama a huda ƙashin kumatu a kankare ciki, shiyasa fuska ke kumbura wasu ma kunci da haƙora su daɗe a mace. Har yanzu akwai inda ake buƙatarsa amma ya ragu sosai. Wani likita a garin Graz na ƙasar Ostiriya mai suna Messerklinger shi ya gano cewa gashin nan kullum ƙofar asali suke kai majina ko da ka huda wata a wani wajen, to ashe gyaran shi ne a buɗe ƙofar da Allah ya yi, ba a fasa sabuwa ba. Ɗalibinsa Stammberger ya yaɗa salon, David Kennedy kuma ya kai shi Amurka a 1985 aka sa mishi suna FESS, wato aikin sainos da kyamara ta ƙofar hanci. Ana cire tsiron da siraran ƙasusuwan da suka tare hanya, a bar lafiyayyar fatar ciki ta ci gaba da aikinta.

Ba na so kuma a ɗauka wasa ne don ba a ga yanka ba. Tsakanin wajen da ake aikin da ramin ido ƙashi ne siriri ƙwarai, sama kuma ƙasan ƙwaƙwalwa ne, shiyasa ba a shiga sai da siti sikan, likita na kallon hoton yana aiki. Matsala babba ba ta cika faruwa ba amma duk wanda aka yi wa ya ga idonsa ya kumbura, ko yana gani biyu-biyu, ko ruwa garai-garai na ɗiga ta hanci ɗaya in ya sunkuya, ko ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, ya koma asibiti a lokacin. Kuma tsiro na iya dawowa, musamman ga masu asma da waɗanda asfirin ke tayar musu da ciwo, don haka ba a yar da maganin fesawa don an ji sauƙi, wannan ne kuskuren da na fi gani. Babba kuma in hanci ɗaya ne kawai ya toshe yana haɓo, kar ya zauna yana cewa sainos ne, a duba a ɗauki nama a gwada. Ga mai neman inda zai je, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna wadda hanci da maƙogwaro ma suna gani, sannan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Sakkwato da na Maiduguri duk suna da wannan ɓangaren.

Badamagare:

Salamu alaikum 'yan uwa, daga Damagaram nike biye da ku. Nan wajenmu likitocin kunne da hanci da maƙogwaro likitan ORL muke ce musu. Ina so in ƙara cewa ba yara kaɗai ba ne. Akwai wata ƙanwar matata budurwa, tun tana ƙarama ake fama da warin hanci gefe guda har ta daina shiga cikin ƙawaye, an yi turare an yi rubutu an sha magani iri-iri. Da aka duba da kyamara sai ga wani abu kamar tsakuwa mai kaushi, likita ya ce abu ne ta saka tun yarinta ba wanda ya sani, gishirin jiki ya yi ta taruwa a kansa shekara da shekaru har ya zama dutse, sai da aka farfasa shi kafin ya fito, a tsakiyarsa ƙwallon wani ɗan itace ne. Tun daga nan warin ya ɗauke. Sannan masu kiwo da ke kafa baki su sha ruwan tafki ko na ƙorama, matsattsaku kan shiga hanci ya maƙale yana shan jini, mutum ya yi ta haɓo kaɗan-kaɗan ba a san dalili ba. Shi ma ba a fizgo shi da ƙarfi, a kai likita.

MamanAuta:

Jama'a mun dawo, Alhamdulillah. Soso ne kuwa, ya yi baƙi ya ruɓe, da suka nuna min a cikin ɗan kwano ban san hancinsa zai ɗauki abu mai girman haka ba. An gwada a zaune ya ƙi sai da aka sa shi barcin, ban gama addu'o'ina a bakin ƙofa ba aka kira ni. Sun duba ɗaya hancin da kunnuwa babu komai. An ba mu maganin ɗigawa na ruwan gishiri, an ce ɗan jini-jinin zai tsaya da kansa. Kujerar ma an kai wa mai gyara. Anti Nas, Hajiya, Alhaji, Malam na Damagaram, Allah saka da alheri ya raya muku zuri'a.

Hajiya Babba:

Masha Allah, barka 'yar nan. Ni ma na ƙaru, carbin nan nawa na dannawa jikoki ke wasa da shi kullum, yau zan ɗaga shi sama.

Ɗan Kwari:

Barka Hajiya. Anti Nas tambaya ɗaya dan Allah, ƙanina ne za a yi wa irin nawa bayan sallah, yana tambaya ya zai yi da shaƙa ruwa a alwala da sujada, ni lokacin nawa ban tambaya ba a zaune kawai na yi ta sallah. Kuma ruwan wankin hancin dole sai na kemis?

Anti Nas:

Alhaji a kwanakin farko kar ya ja ruwa da ƙarfi kuma kar ya fyace, sunkuyar da kai ƙasa ma na iya tayar da jini shiyasa da yawa likitoci ke cewa a yi sallah a zaune na sati ɗaya zuwa biyu, amma ya tambayi wanda ya yi mishi aikin don ya danganta da yawan abin da aka taɓa, ɓangaren hukunci kuma malamai sun yi bayanin rangwamen mara lafiya ya tuntuɓe su. Ruwan wanki in zai haɗa a gida to lallai a tafasa ruwan a bar shi ya huce, kar a ɗebo daga famfo ko rijiya kai tsaye a zuba a hanci, gishirin kuma a bi ma'aunin da asibiti suka ba shi don in ya yi yawa raɗaɗi yake, robar wankin a wanke ta a shanya bayan kowane amfani. In yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, ko yana da hawan jini ko suga, ya faɗa musu tun ranar da za a sa mishi rana, kar ya bari sai ranar aikin.